Kwanonin Yajin Turawa Na Azurfa Da Hukuncinsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani tun shigar Nasara Katsina a 1903 har samun mulkin kai a 1960, manyan Turawa irin su Razdan da Di'o sukan jera wasu 'yan kwanoni masu ƙyalli bisa teburin cin abinci: na gishiri, da na masoro, da na wani yaji mai ruwan ɗorawa da suke kira mastad. A cikin na gishiri akan sa shuɗin gilashi, domin gishiri yana cin azurfa. Mu kuwa nan Tafoki, ƙoƙo da kasko sun ishe mu zuba yaji da daddawa.

To, in irin wannan kaya ya faɗo hannun ɗan gwanjo, mai saye ya nemi hatimin da ke jikinsa. In ya ga zaki yana tafiya, azurfar Ingila ce, kashi 925 cikin 1000, ta ma fi liyari mai shekarar 1780 da maƙeran fari ke narkarwa, wanda shi 833 ne. Kan damisa alamar Landan ce, ƙugiyar jirgin ruwa kuwa ta Barmingam. Amma in haruffan EPNS ya gani, wanki ne: farin ƙarfe aka shafa wa azurfa da lantarki, dabarar da gidan Elkington ya yi wa rajista a 1840. Wanda ya biya kuɗin azurfa a kansa ya yi hasara.

Hukunci ma yana bin wannan bambanci. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim an hana ci da sha cikin kwanon zinariya da azurfa. Shaihu Halilu cikin Muhtasar ya haramta har ajiye shi, ko da ga mace, amma a kan na wanki ya ambaci zance biyu. Saboda haka wanda ya gaji na tsantsar azurfa, mafita ita ce ya kai wa maƙeri a mayar da shi awarwaro ko 'yan kunnen iyali. Muddin yana ajiye, in nauyin azurfarsa ya kai dirhami 200, wato kimanin giram 595, shekara kuma ta zagayo, sai ya fitar da ɗaya cikin arba'in. In zai musanya shi da wata azurfa, sai awo da awo, hannu da hannu, ba a lissafin aikin maƙeri.

Allah Shi ne Masani. Wassalamu.