Tarkon Ƙamshi: Dabarar Ceton Mangwaro A Jos

Duk shekara, da zarar damina ta kawo jiki, masu itatuwan mangwaro a Daɗin Kowa, watau unguwar nan da ke tsakanin Jos da Bukuru, sai su shiga zullumi. Mutum ya tsinki mangwaro nunanne mai ban sha'awa, amma da ya yanka sai ya tarar da tsutsotsi fal a ciki. Gwaiba da lemo ma ba su tsira ba.

Mai wannan ɓarna kuwa wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, mai ratsin rawaya, wanda in ba a lura ba sai a ce ƙaramar rina ce. An fara ganinsa a Afirka cikin 2003 a ƙasar Kenya, kafin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen ce ke huda fatar ɗan itace ta zuba ƙwai.

To, masana sun daɗe da gano cewa da ƙamshi ƙwari ke kiran juna don barbara. Tun cikin 1959 wani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya tace irin wannan ƙamshi daga jikin malam-buɗe-littafin siliki. Shi namijin wannan ƙuda yana matuƙar ƙaunar wani sinadari mai ƙamshin kanumfari, sunansa methyl eugenol, wanda yakan sha don ya burge mace. A nan aka kama lagonsa.

Haɗa tarkon ba wuya. Akan huhhuda gorar roba, a jiƙa auduga da sinadarin haɗe da ɗan maganin ƙwari, a rataye cikin inuwar reshe. Maza su yi ta shiga suna mutuwa, mata su rasa mai barbararsu. Da wannan dabara aka kawar da ƙudan kakaf daga tsibirin Rota, cikin tekun Pasifik, a 1963.

Amma fa Daɗin Kowa ba tsibiri ba ne. Tarko ba ya kama mace, wadda kuma aka barbara a gonar maƙwabci tana iya tsallako shinge. Har wa yau, tsutsar da ke cikin mangwaron da ya faɗi takan shige ƙasa, ta fito sabon ƙuda. Saboda haka wajibi ne a riƙa tsince ruɓaɓɓun a binne su da zurfi, a kuma ɗana tarko unguwa guda lokaci guda, tun 'ya'yan suna ɗanye. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.