Karatun Noma a Jami'a: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk shekara, idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, za ka tarar da yaron da ya nemi likitanci an tura shi fannin noma. A gida sai a yi jugum kamar an yi rashi. Wani kawu ma zai ce, "Noman da muka gada tun kaka da kakanni shi za a je jami'a a koya?" Akwai rashin fahimta a wannan magana. Kawu ya san lokacin shuka da na huɗa, amma idan wuta-wuta ta cinye masa dawa, ko tsutsa ta shiga masara, a nan iliminsa yake tsayawa. Daga nan kuma karatun jami'a yake farawa.

A Najeriya digirin noma shekara 5 ne. Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko ilimin noma, kuma jami'o'i da yawa suna son a haɗa da fizis. Kemistiri ne ƙofar da ta fi kayar da yara, don haka wanda ya san yana gudunsa tun a sakandare ya shirya. Ba don a wahalar da ɗalibi aka sa shi ba. Buhun takin da aka rubuta wa NPK 15-15-15, da yuriya mai kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin, da tsamin ƙasa da ke hana shuka cin moriyar takin da aka zuba mata, duk kemistiri ne. Shekarar farko kusan gaba ɗaya a aji da ɗakin gwaji take ƙarewa, tare da sauran ɗaliban kimiyya.

Daga shekara ta 2 zuwa ta 3 ana ɗanɗana kowane fanni: nazarin ƙasa, renon amfanin gona, cututtuka da ƙwarin shuka, kiwon dabbobi, tattalin arzikin noma, da aikin malamin gona. Likitancin dabbobi kuwa tsangayarsa daban, karatunsa shekara 6 ne, kada a haɗa su.

Shekara ta 4 ita ce ta gona. A nan ake ajiye littafi a ɗauki fartanya. Ana ba ɗalibi fili ya yi kunya, ya shuka, ya yi noma, ya yi feshi, ya girbe, ya kuma rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Zai share ɗakin kaji, ya yi musu rigakafi, ya haɗa abincin dabbobi, ya tashi da asuba don tatsar shanu. Ɗan birnin da bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba zai yi. Ni dai a ganina wannan shekarar ta fi sauran huɗun daraja, domin a cikinta mutum yake gane ko zai iya rayuwa da wannan sana'a. A shekara ta 5 ne ake zaɓen fanni guda a yi aikin bincike a kai.

Wanda yake son ganin inda wannan ilimi yake kaiwa ya leƙa Samaru a Zariya. Tashar binciken noma ta can ta fara aiki tun 1922, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Irin da kuke gani a kasuwa mai suna SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake, haruffan farko na sunan daga Samaru suka fito. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. A Shika, kusa da nan, cibiyar binciken dabbobi ta fitar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Akwai kuma jami'o'in da aka buɗe musamman domin noma, kamar na Makurɗi da Abekuta da aka kafa a 1988. A Nijar, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tsangayar noma.

Batun aiki kuwa, gara a faɗi gaskiya. Zamanin da ma'aikatar gona take kwashe duk wanda ya gama ya wuce. Yanzu ƙofofin da suka fi buɗewa su ne kamfanonin iri da taki da abincin kaji, masana'antun sarrafa shinkafa, sashen bashin noma a bankuna, ƙungiyoyin raya karkara, da koyarwa ko bincike ga wanda zai ƙara digiri na biyu. Mai son tsayawa da ƙafarsa kuma ya sani cewa takardar digiri ba ta zuwa da fili ko jari. Shi ya sa ɗalibai masu wayo suke fara kiwon kaji ɗari ko renon dashen tumatir tun suna aji huɗu, lokacin da malamin da za su tambaya yake kusa, kuma tambayar kyauta ce.