Mdou Moctar: jitar arewacin Tawa a kan dandamali

Wanda ya saba jin waƙoƙin Mdou Moctar a waya kaɗai bai gama saninsa ba. A kan dandamali ake gane gwanintar wannan Buzu ɗan jihar Tawa, wanda aka haifa a yankin Abalak da Cintabaradan, arewa da Adar.

Yakan fito da rawani, jita a hannun hagu. Kiɗan yakan fara a hankali cikin salon takamba, sai mai ganga Souleymane Ibrahim ya yi ta ƙara sauri, Ahmoudou Madassane da Ba'amurke Mikey Coltun suna riƙe da amo, har waƙa guda ta ninka tsawonta na faifai. Nan ne yatsunsa ke haɗa kiɗan Buzaye da rok, kuma da wuya mai kallo ya iya zama.

Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da wayoyin birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifan Anar a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a ƙasashen Sahel. Faifan Afrique Victime na 2021 ya ƙara buɗe masa ƙofofin Turai da Amurka, kuma a Amurka ne juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya same shi da abokan kiɗansa suna tsakiyar rangadi.