Sharar Da Taron Kiɗa Ya Bari, A Wuyan Wa Ta Ke?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya ratsa filin da aka kwana ana kiɗa, ko a Jandutsi ne, ko Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Makaɗa sun naɗe kayansu, an kwance lasifika, masu tsire da masu shayi sun kashe wuta, 'yan kallo kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage a filin shi ne ledar ruwa fari fat kamar an yi shanyar auduga, da baƙar leda wadda iska ta kwasa ta rataya a jikin ƙaya, da robobin lemo, da gwangwanaye, da tsinken tsire, da ɓawon rake. Kafin hantsi kuwa sai ga awaki da tumaki sun iso, su ne baƙin farko da ke ziyartar filin bayan an watse.

Ba za mu shiga muhawarar hukuncin kiɗa ba, domin malamai sun daɗe suna yinta, kuma ba a nan za a ƙare ta ba. Gaskiya ma dai, wanda ya leƙa filin Idi bayan an sauko, ko wurin da aka yi wa'azin dare, ko taron Maulidi, sau da yawa irin wannan sharar zai tarar, har ma da tsofaffin jaridun da aka shimfiɗa aka yi salla a kai. Saboda haka kada wani ya ɗora wa kalangu laifin da ba nasa ba. Mun ɗauki taron kiɗa ne domin a nan ne abin ya fi fitowa fili, watau inda jama'a ta fi yawa, dare ya yi, kowa kuma ya ke ganin ba wanda ya san shi.

Ɗabi'ar yar da abu inda aka gama da shi tsohuwa ce a ƙasarmu, kuma a da ba ta cutar da kowa sosai ba. Iyayenmu sun yi taron kokawa da dambe bayan kaka, sun yi bukukuwan aure da na naɗin sarauta, dubban mutane sun taru. Amma me suka bari a ƙasa? Fura a ƙwarya a ke shanta da ludayi a mayar wa mai ita. Ruwa daga tulu ya ke ko randa, moɗa ɗaya ta ishi mutum hamsin. Daddawa da goro a ganye a ke ƙunsa su. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da ganyen ƙunshi, abin da akuya ba ta cinye ba gara ta cinye, abin da ya saura kuma ya tafi juji, daga juji jakuna su kwashe shi a mangala zuwa gona ya zama taki. Ƙasa ce ke share bayan taro, ba a kuwa biyanta ko anini.

To, kayan ƙunshi sun canja, hannu kuwa bai canja ba. Tun daga shekarun 1990 ruwan leda ya mamaye kasuwanninmu, rabin lita a kowace ƙulla, guda ashirin a kowace jaka. Mu ƙaddara taron mutum 5,000 ne a daren bazara, kowa ya sha uku. Ledoji 15,000 ke nan a fili guda cikin dare guda, ban da baƙar ledar da aka ƙunsa awara da tsire da soyayyen dankali. Leda ba ta ruɓewa a damina ɗaya ko goma, gara ba ta cinta. Masu bola jari, waɗanda ke tsince ƙarfe da gwangwani da roba mai kauri domin akwai mai saye a kan sikeli, ba su cika waiwayar leda ba, gama nauyinta bai kai wahalar tsintarta ba.

Ina ta ke zuwa ke nan? Mahauta su ne suka fi kowa sanin amsar. Saniya ko tunkiya takan haɗiye ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, tumbinta kuwa ba ya iya narkar da ita. Sai ta taru a ciki a hankali ta dunƙule, dabbar ta rage cin abinci, ta rame alhali cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen magani bai san abin da ke damunta ba, sai ranar da aka yanka aka fede aka ciro ƙullin leda. Wadda dabba ba ta ci ba takan bi takin juji zuwa gona, kuma manomin albasa na Aliero ya san yadda fartanya ke tono ta a cikin fangali. Sauran kuwa ruwan sama na farko ya kwashe, ya toshe kwalbati da ita, ko ya kai ta Gulbin Zamfara da ke wucewa ta Jega, daga nan ta gangara Gulbin Sakkwato har Kwara. Wanda ya tara ta ya cinna mata wuta kuma ya ba maƙwabta hayaƙi mai shaƙe ƙirji. A kowace hanya dai akwai wani bawan Allah da ke biyan kuɗin ledar da bai sha ruwanta ba.

Babban taron da mutanen wannan yanki suka fi sani shi ne bikin kamun kifi na Argungu, inda a ke haɗa su da kiɗa da kokawa da dambe da tseren jiragen ruwa. An kafa tarihinsa daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. An daina yinsa bayan 2009, aka dawo da shi a watan Maris na 2020. Abin lura a nan shi ne, wannan biki tun asali a kan kamewa aka gina shi. Ana hana kamun kifi a Matan Fada tsawon shekara domin kifi ya girma, akwai Sarkin Ruwa mai kula da lafiyar kogin, akwai Homa shugaban masunta, kuma ba mai tsoma ƙafa a ruwa sai an ba da izini. Masunci da ke zuwa da homarsa da gorarsa ya yarda ya jira shekara guda saboda amfanin jama'a. Ɗan kallo da ya taso daga Jega ko Birnin Kabi cikin mota, ya zauna a bakin wannan ruwan, ashe zai gagara riƙe ledarsa na sa'a guda?

Hujjar da a kan ji a bakin mutane iri biyu ce. Wani ya ce tasa guda ɗaya ce tak cikin dubbai. Wani kuma ya ce ai akwai waɗanda a ke biya su share. Dukansu biyu malaman fikihu sun riga sun duba irinsu tun kafin a san leda. Imamu Malik, a cikin Muwaɗɗa, wajen bayanin diyya, ya kawo hukuncin mutumin da ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba ko ya yi wani abu makamancin haka a kan hanyar jama'a inda ba shi da ikon yi, ya nuna cewa lamunin ɓarnar da ta auku yana kansa, saɓanin wanda ya yi abin da aka halatta masa. Shehu Halilu a Muhtasar, littafin da a ke karantawa a zaurukan Gwandu da Sakkwato, ya ambaci ajiye abu mai santsi a cikin misalan da a ke kama mutum da su ko da bai taɓa wanda ya cutu da hannunsa ba. Ma'anar ita ce shari'a tana bin sababi har ta kai ga wanda ya assasa shi. Hadisai kuma sun ƙirga kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, sun kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙazantar da mashaya da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Ba muna cewa alƙali zai iya gano ledar wane ce ta kashe saniyar wane ba. Lalle ba zai iya ba. Amma mai karatu, musamman ɗan kasuwa, ya san cewa bashin da mai shi ya kasa kawo shaida a gaban alƙali bai faɗi daga wuyan wanda ya ci ba. Yawan masu laifi kuma ba ya mayar da rabon kowannensu ya zama babu, domin ledoji 15,000 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya aka yar da su.

Hujja ta biyu, watau ta cewa akwai masu shara, an gwada ta a inda kuɗi ya fi namu yawa. A ƙasar Ingila akwai wani babban bikin kiɗa da a ke kira Gilastonbari, wanda wani manomi mai kiwon shanun madara, Michael Eavis, ya fara a gonarsa a 1970, ya bunƙasa har ya kai ga tara mutum wajen 200,000. Bayan kowane biki sai ɗaruruwan ma'aikata su shiga tsintar shara, har da motocin noma masu jan maganaɗisu domin zaƙulo ƙusoshin tanti daga ciyawa kafin shanu su koma kiwo. Duk da haka, a bikin 2017 kaɗai an sayar da robobin abin sha fiye da miliyan ɗaya, abin da ya sa daga 2019 masu bikin suka hana sayar da ruwa da lemo a robar da a ke yarwa, suka ce kowa ya zo da gorarsa ya cika a famfo. Lokaci lokaci ma sukan tsallake shekara guda domin ƙasa ta huta. Watau Turawan nan, bayan sun kashe dukiya mai yawa a kan tsintsiya, sai suka koma ga dabarar tulu da moɗa.

Mu ma mun gwada tilas. Dattawa suna tune da duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai, ya kai mai ƙazanta gaban alƙali. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 kuma aka ƙara da tsabtace muhalli, inda a ke hana zirga-zirga da safiyar Asabar kowa ya fito da tsintsiya. Garuruwa sun yi fes na wani lokaci. Sai dai tsabtar da tsoron bulala ya kawo takan bi mai bulalar idan ya tafi, kuma ba gwamnatin da za ta iya tsayar da ɗan sanda a bayan kowane ɗan kallo da ƙarfe biyun dare. Hana leda ɗungurungum, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008 da Kenya a 2017, magana ce babba, amma a garin da famfo ba ya kawo ruwa, hana ruwan leda kafin a samar da madadinsa zalunci ne ga talaka.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa kason fiye da na ɗan kallo. Shi ne ke zama cikin kwamitin shirya taro, shi ke rubuta lissafin rumfuna da kujeru da janareta da abincin manyan baƙi. A ganinmu, takardar lissafin da ba ta da layin kwandunan shara da baro da ladan masu kwashewa ba ta cika ba, kuma bai kamata hakimi ko Ƙaramar Hukuma su ba da izinin fili ba sai an faɗi sunan wanda zai mayar da shi yadda aka same shi. Ba adalci ba ne a zargi mutum da yar da leda a filin da ba ko kwando ɗaya. Haka kuma abin kunya ne a duba ƙarƙashin rumfar manyan baƙi bayan an tashi, a tarar ta fi wajen talakawa tarin robobi, alhali masu zama a wurin su ne za su hau mumbari ko su shiga rediyo gobe su yi wa jama'a huɗubar tsabta.

Ɗan kasuwa kuwa, daga teburinsa ledar ta fito, kuma shi ya ci ribarta. Mafi yawan masu sayen ruwa a taro nan take su ke shanyewa, taku biyu ko uku daga inda suka saya. Babbar jakar da ruwan ya zo a ciki, idan aka ɗaure ta a ƙafar tebur maimakon a jefar, za ta ɗauke ledoji ashirin ɗin da suka fito daga cikinta, har ta rage wuri ga na mai awarar da ke kusa.