Gargaɗi Ga Masu Shiga Teku

A watan Yuli na shekarar 2019 wata masaniyar dabbobi ta ƙasar Birtaniya, Lizzie Daly, ta yi nutso da tulun iska a bayanta a tekun da ke gaban garin Falmut, kudu maso yammacin Ingila, sai ta yi kiciɓis da wani ƙasurgumin jelifish wanda tsawonsa ya yi kusan nata, ta bi shi tana iyo a gefensa, abokin tafiyarta yana ɗaukar su a hoto. Hoton ya zaga duniya, jama'a suka yi ta tasbihi ga Mahalicci, amma kaɗan ne suka lura cewa matar nan ta san irin wanda ta gamu da shi, ta san dafinsa mai sauƙi ne.

Wannan halitta, wadda ba ta da ƙashi, ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa, galibin jikinta ma ruwa ne, tana yawo kamar buɗaɗɗiyar laima da zarurruka na reto ƙarƙashinta, kuma a jikin zarurrukan nan dafin yake. Wani irinsu da ke tekun arewacin Ostireliya zarensa yakan kai mita 3, yana kuwa iya halaka babban mutum cikin 'yan mintoci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gafalar da na gani a bakin Bahar Maliya a Jidda, inda wani saurayi daga cikin mutanenmu da suka je Umra ya tsinci wani jelifish wanda igiyar ruwa ta jefo kan yashi, ya ɗaga shi da hannu don a yi masa hoto, a zatonsa mushe ba ya cuta, alhali kuwa zaren yana harbi ko bayan dabbar ta mutu. Da ya fara kururuwa, hannu ya yi jawur, sai 'yan uwansa suka rufar masa, wannan na goga masa yashi, wancan na tuttula masa ruwan gora, wani dattijo kuma, wanda furfurarsa ta isa ta hana shi, yana fatawa cewa a nemi yaro ya yi fitsari a wurin. Subhanallahi! Najasa ga ciwo, kuma ba bisa wani ilmi ba. Dukkan dabarun nan uku ƙara fasa ƙwayoyin dafin da suka saura a fata suke yi, ciwo ya ninka.

Abin da likitoci suka yi umurni da shi, wanda kuma ya wajaba duk mai zuwa bakin teku ya haddace, ko a Ikko yake ko a Ankara ta Gana ko a Bur Sudan, shi ne a wanke wurin da ruwan teku kawai, a tsince zarurrukan da hantsaki ko gefen kati, kada da yatsa, sa'an nan a tsoma gaɓar cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, har wajen rabin sa'a. A Ostireliya khal suke kwararawa a kan harbin mai kisan nan, shi ya sa ake ajiye kwalabensa a bakin ruwa. Idan kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya ɗau ciwo, ko amai ya taso, to a bar duk wata dabara, a garzaya da shi asibiti.