Yaran da ke Rikita Manya a Darar Minti Uku

Wasan dara na ces yana da wani nau'i na gaggawa da ake kira blitz. A gasar duniya minti 3 kacal ake ba kowane ɗan wasa, da ƙarin daƙiƙa 2 duk lokacin da ya motsa ɗan dara. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ne ke kan gaba. A wannan fagen yara suka fi ba manya tsoro.

A Disamba 2019 a Mosko, Alireza Firouzja ɗan Iran, mai shekara 16, ya matse zakaran duniya Magnus Carlsen har ya bar shi da sarki da ɗan dara ɗaya tal, wato bishof. Garin sauri sai Firouzja ya ture sarkinsa, kafin ya tsayar da shi lokaci ya cika. Ya nemi a ba shi canjaras, alƙalai suka ƙi. Dokar ita ce, muddin akwai wata hanya, komai nisanta, da abokin hamayya zai iya kama sarkinka, to ka faɗi. Hukuncin yana kan doka, amma har yau ina jin zafinsa a madadin yaron.

Shekara biyu bayan haka a Warsaw, Bibisara Assaubayeva 'yar Kazakistan ta ɗauki kofin duniya na blitz na mata tana da shekara 17. A wancan makon kuma sa'anta Nodirbek Abdusattorov ɗan Uzbekistan ya ci kofin wasan matsakaicin sauri, bayan an raba gardama tsakaninsa da Ian Nepomniachtchi da wasannin blitz.

Sai Bodhana Sivanandan 'yar Ingila. A gasar Turai ta 2023 a Zagreb ta tara maki 8.5 cikin wasa 13, ta zama macen da ta fi kowace mace ƙwazo a gasar. Shekarunta 8 a lokacin, jama'a!

Faustino Oro ɗan Ajantina kuwa lokacin kullen korona ya koyi wasan. A Maris 2024, yana da shekara 10, ya doke Carlsen ta intanet a wasan da kowa ke da minti 1. Idan akwai yaro mai kaifin basira a gidanku, ku nema masa allon ces ku ga abin da zai yi.