Aikin Masanin Rarrabe Sinadarai Da Tasirinsa Ga Fataucin Arewa Da Kudu

FATAKWAL – A kowace rana motoci na sauke buhunan wake, gyaɗa, albasa da barkono a kasuwannin Ose ta Anacha, Ogbete ta Inugu da Mile 3 ta Fatakwal, sa'an nan su juya Arewa ɗauke da jarkokin manja da katan-katan na magunguna. 'Yan kasuwar da ke zaune a unguwannin Hausawa na waɗannan birane sun gaji sanin kaya ta hanyar ido, hanci da taɓawa. Sai dai a yau akwai wani ma'aikaci da yawancinsu ba su taɓa gani ba, amma takarda ɗaya daga hannunsa tana iya sa a karɓi kaya ko a ƙona su. Wannan ma'aikaci shi ne masanin sinadarai mai aiki da dabarar da ake kira kuromatogirafi.

Ma'anar dabarar ita ce rarrabe abubuwan da suka cakuɗe, domin a san kowanne da adadinsa. Misalinta kamar ayarin fatake ne da ya tashi daga zango ɗaya a lokaci ɗaya: mai doki zai riga mai raƙumi isa, mai raƙumi ya riga mai jaki. Masanin yakan narkar da ɗan samfurin kaya, ya tura shi cikin wani siririn bututu da aka cika da garin da ke riƙe sinadarai, ruwa ko iskar gas na ingiza shi. Wani sinadarin yakan wuce da sauri, wani kuma ya daɗe a hanya. A bakin bututun akwai na'urar da ke rubuta lokacin fitowar kowanne. Lokacin fitowa shi ke nuna ko wane sinadari ne, girman alamar da ya bari a takarda kuma shi ke nuna yawansa. Wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara bayyana dabarar a shekarar 1903, kuma a 1952 Turawan Ingila biyu, Martin da Synge, suka sami lambar yabo ta Nobel saboda inganta ta.

Wake shi ne misali mafi kusa ga 'yan kasuwar hatsi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, bayan gwaji ya nuna maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda shi ne tushen fiya-fiya, ya wuce ƙa'ida. Iyakar da Turai ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an sami waken da ke ɗauke da har miligiram 4.6. An yi ta tsawaita haramcin na tsawon shekaru. Wake irin wannan ba ya wari, ba ya sauya launi, hasali ma ya fi kyan gani domin ƙwaro bai huda shi ba. Na'urar rarrabe sinadarai na iya tona asirinsa. Haka lamarin yake ga gubar afulatoksin da ke fitowa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, da kuma rinin Sudan da wasu ke zubawa a manja don ya ƙara ja.

A fannin magunguna hasarar ta wuce ta kuɗi. A 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadarin diethylene glycol, kuma tsakanin 2008 da 2009 wasu yara 84 sun rasu ta dalilin maganin haƙori mai suna My Pikin da ke ɗauke da wannan guba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da Doka ta 15 ta shekarar 1993, ta dogara ne da irin waɗannan masana a ɗakunan gwajinta na Yaba, Oshodi, Kaduna da Agulu a Jihar Anambra. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙwayar magani ta ƙunshi tsakanin kashi 90 zuwa 110 cikin 100 na sinadarin da aka rubuta a kwalinta. A watan Maris na 2007, zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, hukumar ta rufe kasuwar magunguna ta Bridge Head da ke Anacha na tsawon watanni, kuma an sake rufe ta a watan Fabrairun 2025. A duk lokacin da haka ta faru, jarin masu sarin magani zuwa Kano da sauran biranen Arewa yakan maƙale, da mai laifi da marar laifi.

A Fatakwal kuwa, harkar mai ce ta fi ɗaukar waɗannan masana, tun daga matatar da aka buɗe a Alesa-Eleme a 1965 har zuwa masana'antar sinadarai ta Eleme. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 game da ƙasar Ogoni ya nuna cewa ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale na ɗauke da sinadarin benzene fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu da ƙari, a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, abin da ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka. Kamfanin NNPC ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi bai haɗa da neman methanol ba. Darasin a nan shi ne na'ura ba ta gano abin da ba a umarce ta da nema ba, don haka ƙwarewar mai sarrafa ta ita ce ainihin jarin.

Mai son shiga wannan sana'a yakan fara da digirin ilmin sinadarai na shekara huɗu, kamar yadda ake koyarwa a jami'o'in Zariya, Kano, Nsukka da Fatakwal, tare da horon watanni a masana'anta. Bayan haka sai rajista da Cibiyar Ƙwararrun Masana Sinadarai ta Nijeriya, wato ICCON, wadda aka kafa a 1993. Wanda ke son takardar shaidar gwajinsa ta zama abin karɓa ga hukuma sai ya zama mamban Cibiyar Masu Gwajin Kayan Jama'a, wato IPAN, wadda dokar 1992 ta samar. Babban ƙalubalen aikin shi ne tsada. Na'ura ɗaya takan ci dubun-dubatar daloli, bututunta da ruwan sinadaran da take sha daga waje ake sayo su, kuma ba ta jure ɗaukewar wuta. Tun da darajar Naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, kuɗin gwaji ya hau tare da ita.

Duk da haka, lissafin yana goyon bayan gwaji. Kuɗin gwada samfuri ɗaya ɗan ƙanƙani ne idan aka kwatanta da tirelar wake da za a ƙi karɓa a tashar jiragen ruwa ta Onne, ko katan-katan na maganin da hukuma za ta ƙwace. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya haɗa kuɗi su riƙa kai samfuri ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, su nemi takardar shaida daga masu sayar musu da manja da magani, su kuma koma adana hatsi a buhunan da ba sa shan iska maimakon feshin guba. Haka kuma, iyayen da 'ya'yansu ke karatu a makarantun waɗannan birane suna da dalilin ƙarfafa musu gwiwa a kan ilmin sinadarai, domin kasuwar da iyayen ke ciki tana buƙatar wanda ya san kaya kuma ya san na'ura.